Aikin da na daɗe ina roƙo ya samu, amma ƙafata ta yi nauyi

ZAUREN GWAGGO

Tambaya

Assalamu alaikum Gwaggo. Ina fata kina lafiya, ya ƙoƙari da jama'a?

Shekarata 31, ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje ne ni a wani ƙaramin asibiti a garinmu. A nan aka haife ni, a nan na yi firamare da sakandare, karatun gaba da sakandare ma daga gida nake zuwa. Ban taɓa yin kwana talatin a jere a wani gari ba.

Shekara uku ina neman aiki a babban asibiti, inda ake da na'urorin da a littafi kawai na san su. Watan jiya aka kira ni ganawa, makon jiya takarda ta fito. Albashin ya kusa ninka wanda nake karɓa, ga damar ƙaro karatu. Sai dai garin tafiyar awa 9 ce a mota, kuma mako uku aka ba ni in kama aiki.

Ranar da takardar ta zo na yi murna har da hawaye. Washegari na tashi da wani nauyi a ƙirji wanda har yau bai sauka ba. Barci ya ƙaurace mini. Titin unguwarmu da na yi shekaru ina mitar ramukansa, yanzu in na bi shi sai in ji kamar in tsaya in yi ta kallo.

Mahaifinmu ya rasu shekara huɗu da suka wuce, kuma ni ne babba. Mama tana fama da hawan jini, ni nake auna ta, ni nake kai ta ganin likita. Ina da ƙanwa da ke aure a cikin gari, da ƙane ɗan makaranta. Da na gaya wa Mama, cewa ta yi, "Ka je, Allah ya yi maka albarka." Amma tun daga ranar ta rage magana, kuma sau biyu ina shigowa in tarar da ita a ɗakina tana ninke kayan da dama a ninke suke.

Abokaina sun ce butulci nake yi, mutum nawa ke neman irin wannan dama ba su samu ba. Ni kuma tsorona kada nauyin nan ya zama ishara ce cewa babu alheri a tafiyar. Gwaggo, in tafi ko in haƙura?

Ɗanki, daga cikin masu karatu.

Amsa

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya ba Mama lafiya, ya sa albarka a wannan aiki.

Sau uku na karanta wasiƙarka, kuma kowane karatu a wuri ɗaya nake tsayawa, wurin da Mama ke ninke kayan da a ninke suke. Zan dawo kanta, domin a ganina can maganar take. Amma bari in fara sauke maka laifin da abokanka suka ɗora maka, don ba su yi maka adalci ba. Butulu shi ne wanda aka yi wa alheri ya raina. Kai kuka ka yi don murna. Abin da ya same ka washegari shi ne ka farka ka ga abin da za ka ajiye kafin ka ɗauki wannan alherin, kuma abin ba ƙarami ba ne: shekara 31 na rayuwa, da uwa, da duk fuskar da ta san sunanka ba tare da ka faɗa ba. Wanda zai bar wannan bai ji komai ba, shi zan fi yi wa tambayoyi.

Ka ce kana tsoron nauyin ishara ne. Ina so ka tuna hijira. A shekarar 622 Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya bar Makka zuwa Madina da umarnin Ubangijinsa. Babu tafiyar da alherinta ya fi wannan tabbata. Duk da haka an ruwaito ya dubi Makka ya shaida mata cewa ita ce mafi soyuwar ƙasa a wurin Allah, kuma da ba fitar da shi aka yi ba da bai fita ba. Da suka isa Madina zazzaɓi ya kwantar da Sayyidina Abubakar da Bilal. Bilal, in zazzaɓin ya sake shi, sai ya ɗaga murya yana rera baitocin kewa, yana ambaton ciyayin kwarin Makka, da ruwan Majanna, da duwatsun Shama da Ɗafil, yana tambayar ko zai sake ganinsu. Nana A'isha ta kai labari. Ba a tsawata wa Bilal ba, ba a ce masa ya raina ni'ima ba. Addu'a aka yi: Allah ka sanya mana son Madina kamar yadda muke son Makka, ko fiye. Ka lura da kalmomin, ɗana. Ba a roƙi a cire son Makka daga zuciya ba, ƙari aka roƙa a kai. Na shafe shekaru ina jingina da wannan addu'ar, kuma ina ba ka ita.

Likitoci ma sun daɗe da sanin wannan ciwo. A 1688 wani ɗalibin likitanci a jami'ar Basel da ke ƙasar Suwizalan, Johannes Hofer, ya yi rubutu kan mutanen da ke ramewa, barci ya gagare su, saboda kawai sun yi nisa da gida. An fi ganin abin a jikin sojojin ƙasar da ke aikin haya a ƙasashen waje. Shi ya raɗa wa abin suna nostaljiya, daga kalmomin Girkanci biyu, ɗaya komawa gida, ɗaya raɗaɗi. Yau ba a lissafa shi cikin cututtuka, amma rashin barcin da nauyin ƙirjin da ka kwatanta su ne dai aka rubuta fiye da shekara 300 da suka wuce. Kai naka ya fara tun ba ka tashi ba, kuma hakan na faruwa da mutane da yawa.

Maganar titin nan mai ramuka ta taɓa ni, kuma tana da bayani. Wasu masana halayyar ɗan Adam biyu, Daniel Kahneman da Amos Tversky, sun nuna tun 1979 cewa zafin rasa abu ya fi daɗin samun kwatankwacinsa ƙarfi a zuciyar mutum, kuma binciken da ya biyo baya ya kiyasta bambancin da kusan ninki biyu. Ƙara da wannan: abin da za ka bari kana ganinsa da ido, ka san ƙarar ƙofar maƙwabcinku, ka san inda inuwa ke faɗawa da la'asar. Abin da za ka samu kuwa har yanzu takarda ce guda ɗaya a cikin ambulan. Ka ga awon bai yi daidai ba tun daga farko. Zuciyarka ba ƙarya take maka ba, amma gefe ɗaya kawai take iya gani a yanzu.

To ta yaya za ka bambance kewa da gargaɗi? Domin gargaɗi ma yana zuwa da nauyin ƙirji, ba zan ɓoye maka ba. Ga tambayar da nake yi wa duk wanda ya zo mini da irin wannan. Da a ce za a ɗauko asibitin nan, da na'urorinsa da albashinsa da shugabanninsa, a dasa shi a bayan gidanku, za ka karɓi aikin ba tare da waiwaye ba? In amsarka e ce nan take, to aikin ba shi da laifi, rabuwa ce ke cin ka. In kuwa ka ji wani abu ya tsaya maka a wuya ko bayan an kawo shi ƙofar gida, to ka bi abin nan har ka gano sunansa. Gargaɗi yana da suna: albashin da aka faɗa da baki ba a rubuta ba, lokacin gwaji da ba a yanke masa iyaka ba, shugaban da ya yi maka magana da wulaƙanci tun a ganawa. Kewa kuwa takan bazu ne a kan komai, har a kan ramukan titi. Daga yadda ka rubuto, kewa nake ji.

Duk da haka ka sake buɗe takardar ka karanta ta da idon basira. Wata nawa ne gwajin, kwana nawa ne hutun shekara, ya suke yi in gaggawa ta taso a gida, akwai masauki ko kai za ka nema. Ka nemi wani da ke aiki a sashen, ba wanda ya ɗauke ka ba, ka tambaye shi yadda ake biyan albashi da yadda ake raba aikin dare. Ka bar tsohon wurin aikinka cikin mutunci, da sanarwa da sallama. Wannan aikin yini biyu ne, ba zan daɗe a kansa ba.

Yanzu Mama.

Ina da shekara 27 lokacin da aka tura ni koyarwa wani gari mai nisa. A lokacin babu wayar hannu, sai wasiƙa. Mahaifina ya raka ni tasha, ya riƙe mini jaka har mota ta cika, bai ce komai ba sai "Ki riƙe mutuncinki." Ni ma ban ce komai ba. Na ɗauka jarumta ita ce kada ya ga hawayena. Daga nan muka shiga wani irin zama da nake nadamarsa har gobe. Duk wasiƙar da zan rubuta, lafiya lau, aiki na tafiya daidai, alhali akwai watannin da in an tashi makaranta nakan kulle ɗaki in zauna a bakin gado har duhu ya shigo ban kunna fitila ba. Shi ma duk amsar da zai aiko, lafiya lau, kowa na gaishe ki. Ashe wata bakwai ya yi yana jinya, kuma ya hana a gaya mini, wai kada a tayar mini da hankali ina baƙon wuri. Da labari ya same ni na taho, kwana 11 na samu da shi. Na gode wa Allah da kwanakin nan, amma wata bakwai aka hana ni, kuma ni na fara koya masa ɓoyon. Da na taɓa rubuta masa cewa ina shan wuya, wataƙila da shi ma ya ga ƙofar faɗa mini tasa a buɗe.

Shi ya sa na tsaya a kan ninkin kayan nan. Mama ta sa maka albarka da gaske, kada ka yi shakka. Uwa ba ta son ta zama igiyar da ta ɗaure ɗanta. Amma abin da bakinta ya ƙi faɗa, hannunta na faɗa. Kai ma kana yi mata irin wannan ɓoyon, don na tabbata ba ka gaya mata ba ka barci ba. Ku biyu kuna gida ɗaya, kowa na dakon nauyi iri ɗaya, kowa na ɓoye wa ɗan'uwansa don tausayi. Kada ka tafi a haka. In ka sake tarar da ita a ɗakin, ka zauna kusa da ita, ka ce, "Mama, tafiyar nan tana yi mini wuya." Kada ka fara da lallashi, kada ka ce mata ai ba nisa. Awa 9 nisa ne, kuma ta sani. Ka bar ta ta yi kukanta in zai zo, kai ma ka yi naka. Bayan nan ka roƙe ta alƙawari ɗaya: ranar da jikinta ya motsa, ko kaɗan ne, a gaya maka a ranar. Kai ma ka yi mata alƙawarin ba za ka riƙa ce mata lafiya lau ba alhali ba lafiya.

Sannan akwai abin da hawaye ba ya gyarawa, sai tsari. Kai ma'aikacin lafiya ne, ka fi ni sanin cewa hawan jini yakan yi ɓarna ba tare da ya yi sallama ba, kuma abin da ke riƙe shi shan magani a kan lokaci ne da awo a kai a kai. A mako ukun nan ka koya wa ƙanenka awo da na'urar gida har hannunsa ya faɗa, ka ba shi littafin da zai riƙa rubuta lamba da kwanan wata, ya ɗauki hoto ya turo maka. Ka zauna da ƙanwarka da maigidanta, a yi magana a fili kan wanda zai riƙa kai Mama ganin likita, da wanda za a kira in dare ya yi. Ka kai su su ga likitan tare da kai ko sau ɗaya, ya san fuskarsu. Zan faɗa maka wata magana da 'ya'yan fari ba sa son ji: shekara huɗu kana ɗauke da komai, kuma mai yiwuwa ƙannenka ba su taɓa samun gurbin da za su yi wa mahaifiyarsu hidima ba saboda kullum ka riga su. Su ma suna da haƙƙin wannan ladan.

Ka sa ranar dawowarka ta farko tun kafin ka tafi, ka faɗa mata kwanan watan. Jiran da ke da rana ya fi sauƙin ɗauka. Kiran waya ma ka ba shi lokaci sananne, wanda za ta riƙa sauraro. An ce zumunta a ƙafa take, yanzu waya ta rage wa ƙafa aiki amma ba ta sallame ta ba.

Game da can ɗin kuwa, ba zan yi maka daɗin baki ba. Makonnin farko za su wuce da sauri saboda komai sabo ne. Wuyar takan zo daga baya, lokacin da sabon ya zama na kullum amma bai zama naka ba tukuna. Ni a wata na huɗu na rubuta takardar ajiye aiki, na saka ta cikin littafin rajista. Wata malama da ta girme ni ta gani, ta ce in bari zango ya ƙare, in har lokacin ina nan a kan bakana ita da kanta za ta miƙa mini. Tun daga ranar kullum in an tashi sai ta tsaya mu taka tare zuwa mararraba. Zango ya ƙare ban waiwayi takardar ba. Matar nan ita ce ta zauna da ni daren da na dawo daga rasuwar mahaifina.

Wani malami a jami'ar Kansas ta Amurka, Jeffrey Hall, ya fitar da bincike a 2018, wanda wani ɓangarensa a kan manya ne da ba su daɗe da ƙaura zuwa sabon wuri ba. Ya gano cewa mutum na bukatar kusan awa 50 tare da wani kafin sanayya ta zama 'yar abota, kusan awa 90 kafin a kira shi aboki, fiye da awa 200 kafin ya zama amini. Kuma awannin da aka yi ana aiki tare ba su da nauyin waɗanda aka yi ana hira da hutawa. Na kawo maka wannan ne don ranar da za ka duba a wata na biyu ka ga ba ka da kowa, kada ka ce mutanen garin ba su da kirki ko kai ne ba ka da farin jini. Abokanka na gida dubban awanni kuka tara tun kuna yara. Na can daga sifili za ka fara. Saboda haka in an gayyace ka ka je ko ba ka jin zuwa, ka gaida maƙwabci ko bai fara gaishe ka ba, kuma kada ka ƙarar da kowane dare a waya da mutanen gida, jikinka na can ranka na nan. Ka ba garin wata shida cikakku kafin ka yanke masa hukunci. Amma in ka ga rashin barcin ya zarce makonni, ka daina jin daɗin komai, aiki na neman gagararka, to ka ga likita, kada ka ce kewa ce kawai.

Za a yi ta karanta maka karin maganar nan, kowa ya bar gida gida ya bar shi. Akwai gaskiya a cikinta, kuma gara ka ji ta daga bakina. Wata rana za ka dawo hutu ka tarar an gyara titin nan, ko an sare wata bishiya, ka ga yara a layinku da ba su san ka ba, a shimfiɗa maka kamar baƙo a gidan da aka haife ka. Zai yi maka ciwo, ni har yau yana yi mini. Sai dai waɗanda suka zauna ma garin yana sauyawa a ƙarƙashin ƙafarsu. Abokan da kake jin ba za ka iya bari ba, cikin shekara biyar wasu aiki zai ɗauke su, wasu iyali. In ka haƙura da aikin nan don ka riƙe garin yadda yake yau, ba zai riƙu ba, kuma ina jiye maka ranar da za ka dubi Mama ka ji a ranka cewa saboda ita ka rasa. Ba ta roƙe ka wannan ba, kuma bai kamata a ɗora mata shi ba.

Ka tambaye ni kai tsaye, zan amsa maka kai tsaye. In takardar ta tabbata yadda ka faɗa, in ƙannenka sun karɓi amanar, in kun yi maganar nan da Mama ido da ido ta sake ce maka ka je, to ka tafi, ɗana. Ka tafi da nauyin naka, ba sai ya sauka ba tukuna. In kuwa a zaman ta buɗe baki ta ce ba za ta iya ba, ko likita ya ce jikinta ya wuce inda ƙanenka zai iya riƙewa, wannan wata magana ce daban. Kafin ka ce ka fasa, ka tambayi wurin aikin ko za su ɗaga maka ranar farawa, ka kuma duba ko bayan ka zauna da gindinka za ta yarda ta riƙa zuwa tana yin makonni a wurinka.

Ranar tafiya ka bar wasu kayanka a ɗakin, kada ka kwashe tas. Ka riƙe makullinka na gida a jikin na sabon ɗakinka. In ka cika wata huɗu ka sake rubuto mini, ka gaya mini lambar awon Mama ta ƙarshe, da ko ka samu wanda kuke takawa tare in an tashi aiki.

Gwaggonku.